Kwalbar fitsari da ayar Zabura: abin da 'yan Pagan na Ingila ke karantawa

Tambaya: Wata 'yar'uwa da ke aikin jinya a arewacin Ingila ta rubuto cewa abokiyar aikinta, Baturiya, ta gayyace ta wani zaman karatu da suke yi wata-wata. Masu zaman suna kiran kansu Pagan, kuma bana suna bin tarihin tsafe-tsafen yau da kullum na mutanen ƙasarsu. Tana son ta san su wane ne, me suke karantawa, kuma ko gaskiya ne abin da abokiyar ta gaya mata, wai wannan tsafin ragowar tsohon addinin Turawa ne da coci ta kasa kashewa.

Amsa:

'Yar'uwa, bari in fara da ƙarshen tambayarki, don nan ne maganar take. Abin da abokiyarki ta faɗa labari ne mai daɗin ji, an kuma daɗe ana yaɗa shi, amma takardun tarihi ba su goyi bayansa ba. Mutanen da suka riƙa rubuta laya, suna duba, suna karya sammu a ƙauyukan Ingila daga wajen shekarar 1500 zuwa farkon ƙarni na 20, Kiristoci ne. Da Baibul suke aiki, da ayoyin Zabura, da sunayen Bitrus da Bulus, manyan waliyyan Kirista. Da a ce wani ya tare ɗayansu ya ce masa yana bautar gumakan kakanni, da faɗa za a yi.

Su kuwa 'yan Pagan na yau, mutane ne da suka zaɓi su raya addinan Turai na kafin zuwan Kiristanci, ko abin da suke ganin haka addinan suke. A ƙidayar jama'a ta 2021 a Ingila da Wales, mutum wajen 74,000 ne suka rubuta Pagan a gurbin addini, wasu 13,000 kuma suka rubuta Wicca, wanda reshe ne daga cikinsu. Kada ki ɗauke su kamar Maguzawa. Bamaguje ya tashi ya tarar da ubansa da kakansa suna yanka a gindin tsamiya, ya ɗora daga inda suka tsaya. Waɗannan kuwa yawancinsu a gidan Kirista aka haife su ko a gidan da ba ruwansa da addini, sai da suka girma suka karanta littafi suka shiga. Shi ya sa zaman karatu yake da muhimmanci a wurinsu, domin littafi ne kakansu. Sau da yawa a ɗakin baya na mashaya suke haɗuwa, wani lokaci a laburare ko gidan ɗayansu, don haka ki tambayi wurin tun da wuri. Ki kuma tambaya ko karatu ne zalla ko ana buɗewa da wata ibada tasu. Hukuncin zuwa ko rashin zuwa na malaman addini ne, ni tarihin zan ba ki.

Labarin "tsohon addini" yana da uwa, sunanta Margaret Murray. Masaniyar tarihin Misira ta dā ce a jami'a a Landan. A 1921 ta fitar da littafi tana cewa matan da aka riƙa ratayewa da ƙonawa a Turai da sunan maita, a gaskiya mabiya wani ɓoyayyen addini ne mai bautar wani ubangiji mai ƙaho, suna taruwa goma sha uku-goma sha uku da dare. A 1929 aka ba ta ta rubuta babin maita a kundin Encyclopaedia Britannica, ta zuba ra'ayinta a ciki kamar tabbataccen abu, aka yi ta sake buga shi shekara kusan arba'in. Sai wani tsohon ma'aikacin mulkin mallaka da ya yi aiki a Malaya, Gerald Gardner, ya fito a 1954 da littafi yana cewa shi ya haɗu da ragowar waɗannan mutane a kudancin Ingila, har sun shigar da shi cikinsu. Murray ce ta rubuta masa gabatarwa. Daga nan Wicca ta samo tushe.

Masana tarihi da suka koma kan takardun kotun da Murray ta dogara da su sun ga inda gizo yake saƙa. Norman Cohn ya nuna a 1975 cewa in ta ɗauko furucin wadda ake tuhuma, sai ta bar inda matar ta ce sun ci abinci sun yi rawa, ta yanke inda ta ce ta tashi sama ko ta rikiɗa ta zama dabba, don labarin ya yi kama da taron mutane na gaske. Ga shi kuma yawancin furucin an tatso shi ne da azaba ko da hana barci. A 1999 Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya fitar da The Triumph of the Moon, inda ya bi diddigin Wicca ya nuna sabon addini ne da aka haɗa a ƙarni na 20 daga waƙoƙin marubuta, da tsarin ƙungiyoyin asiri irin su Freemason, da littattafan sihiri na masu ilimi. Abin yabo, 'yan Pagan da yawa sun karɓi wannan ba tare da tayar da jijiyar wuya ba. In zaman da aka gayyace ki na masu karatu da gaske ne, za ki tarar rabinsu sun riga sun san haka, kuma su ne za su fara yi wa abokiyarki gyara.

To, su wane ne masu tsafin na ainihi? Turawan Ingila suna ce musu cunning folk, za ki ji wannan suna a bakinsu. Mu dai bokaye za mu ce, ko 'yan tsibbu, domin sun fi kusa da na biyun. Yawancinsu maza ne, masu sana'ar hannu: baduku, masaƙi, maƙeri, wani lokaci malamin makaranta, kuma akasarinsu sun iya karatu, wanda a lokacin shi kansa abin kwarjini ne. Alan Macfarlane, da ya tono takardun yankin Essex na zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, ya ƙiyasta cewa babu ƙauyen da ya yi nisan mil goma daga wani boka da aka sani. Abin da ke kai mutane wurinsu ba zai ba ki mamaki ba: an sace cokalin azurfa, saniya ta daina ba da nono, an kaɗa madara man ya ƙi tashi, yaro yana ta rama ba a san dalili ba, budurwa tana son sanin wanda za ta aura, miji ya tafi teku shiru.

Ki dubi yadda ake kama ɓarawo. Ana soka tsinin almakashi a bakin rariya, mutum biyu su tallafi hannayen almakashin da 'yan yatsu, rariyar tana reto. Sai a riƙa kiran sunayen waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya, ana haɗawa da sunan Bitrus da Bulus. Sunan da rariya ta juya a kansa, shi ne. Akwai kuma na Baibul da mabuɗi: a sa mabuɗin ƙofa a kan wata aya, galibi ayar Zabura ta 50 da ke maganar ganin ɓarawo, a ɗaure littafin tamau, a rataye shi da kan mabuɗin, a kira sunaye. In neman miji ne sai a koma littafin Rut na cikin Baibul. Keith Thomas, wanda littafinsa na 1971, Religion and the Decline of Magic, shi ne uban wannan fanni, ya lura da wani abu da nake ganin shi ne sirrin sana'ar gaba ɗaya. Boka ba ya ƙirƙiro suna. Mai kaya ne yake zuwa da jerin waɗanda yake zargi, hannunsa ne kuma a jikin almakashin. In boka ya ba shi madubi ko kwanon ruwa ya ce duba ka ga fuskar ɓarawonka, fuskar da ke ransa zai gani. Sannan a ƙauyen da kowa ya san kowa, da zarar an ji cewa wane ya tafi wurin boka, sau da yawa da safe sai a tarar da kayan a bakin ƙofa. A lokacin babu 'yan sanda irin na yau, tsoro ne yake aikin.

Thomas bai ɓoye inda ya samo wannan ido ba. Daga binciken Evans-Pritchard ne a kan mutanen Azande na kudancin Sudan, wanda ya fito a 1937. Azande sun san gara ce ke cin ƙafar rumbu har ya faɗi. Tambayarsu ita ce me ya sa ya faɗi daidai lokacin da wane yake zaune a ƙarƙashinsa. Wato da nazarin Afirka aka buɗe tarihin ƙauyen Ingila, kina iya gaya musu wannan.

Maganin ciwo kuma, nan ne Kiristancin abin yake fitowa fili. Shahararriyar layar ciwon haƙori gajeren labari ce: Bitrus yana zaune a kan dutse yana kuka, Annabi Isa ya zo wucewa ya tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce haƙori, ya ce masa tashi ka warke, kuma duk wanda ya ɗauki waɗannan kalmomi ba zai yi ciwon haƙori ba. A rubuta a takarda, a naɗe, a ɗinke cikin ƙyalle, a rataya a wuya, a kuma gargaɗi mai ita kada ya buɗe. Mutane da yawa sun yi imani cewa labarin yana cikin Baibul, alhali babu shi. Na tsayar da jini yana cewa kamar yadda ruwan Kogin Urdun ya tsaya cik lokacin da aka yi wa Annabi Isa baftisma, haka jinin wane zai tsaya. Na ƙuna yana kiran mala'iku da suka zo, wani da wuta wani da sanyi, a ce wuta fita, sanyi shiga, ana tofawa. Duk Bahaushen da ya taɓa ganin an ɗinke laya a fata an ɗaura wa jariri, ko an yi tofi a ruwa, ya gane tsarin. Mutum ya ɗauki kalmomin da ya fi girmamawa a duniya ya kai su inda yake masa ciwo. Malamansu na coci sun yi ta faɗa da abin, kamar yadda namu suka daɗe suna yi.

Abin da na fi so ki gani da idonki shi ne kwalbar maita. A 2004 ma'aikatan gini a Greenwich, kudu maso gabashin Landan, suka tono wata 'yar tulun yumɓu mai ƙyalli, irin wadda ake kawowa daga yankin Cologne na Jamus a ƙarni na 17, mai hoton fuskar wani mai gemu a wuyanta. An binne ta a kife, kuma toshiyarta tana nan ba a taɓa ba, abin da ba kasafai ake samu ba. Aka ɗauki hotonta da na'ura kafin a buɗe. A ciki akwai fitsarin mutum, da ƙusoshin ƙarfe 12, da allurai 8 na tagulla, da gashi, da yankakken farce, da wata 'yar fata da aka yanka da siffar zuciya aka soke ta da ƙusa. Gwaji ya nuna mai fitsarin yana shan taba. Farcen kuma gyararre ne, ba na mai aikin ƙarfi ba, wato mai abin hannu ne ya yi, ba wani jahilin ƙauye ba.

Sunan yana ruɗar mutane, su ɗauka mayya ce ta haɗa. Ba ita ba ce, wanda yake ganin an kama shi ne. Tunanin shi ne, mayya in ta kama mutum akwai wani abu nata da ya shiga jikinsa, yana kuma fita cikin fitsarinsa. In aka tsare fitsarin a kwalba da ƙusoshi aka binne, ko aka ɗora a wuta, ita ma fitsarinta zai tsaya, ta ji suka a mara, dole ta zo ta roƙi a saki, ta janye abin da ta yi. Ba zato nake ba, wani mai duban taurari, Joseph Blagrave, ya rubuta yadda ake yi a littafinsa na 1671. Al'adar ta yi tsawon rai. James Murrell, baduku kuma boka a garin Hadleigh na Essex, wanda ya mutu a 1860, har kwalaben ƙarfe yake sa maƙeri ya ƙera masa don su jure wuta. Nan ki ga inda labarin abokiyarki ya juye: mafi yawan tsafin talakan Ingila makari ne, don yaƙi da mayu aka yi shi. 'Yan Wicca na yau suna kiran kansu mayu da alfahari, suna kuma kallon su Murrell a matsayin kakanni, alhali su Murrell da farautar mayu suke cin abinci.

Akwai wasu abubuwan da ake tsinta a tsofaffin gidaje waɗanda suka fi wuyar fassara. Takalma, alal misali. Gidan tarihi na Northampton, garin da ya shahara da ɗinkin takalma, ya fara ajiye rajista tun shekarun 1950 ta takalman da ake samu a ɓoye cikin bututun hayaƙi, ko ƙarƙashin daɓe, ko cikin rufi. An rubuta wurare kusan dubu biyu. Kusan kullum ƙafa ɗaya ce, tsohuwa, ta sha faci, da yawa na yara ne. Haka ake samun busassun kyanwoyi a cikin bango, da zane-zane a jikin katakon ƙofa da murhu: da'irori masu kama da fure, da harafin V biyu a haɗe. A gidan Knole da ke Kent an gano irin wannan zane a ƙarƙashin daɓen ɗakin da aka gyara don saukar Sarki James na ɗaya, kuma katakon ya nuna aikin na 1606 ne, watanni kaɗan bayan yunƙurin tarwatsa majalisa da albarushi. A 2019 aka sanar da ɗaruruwan irinsu a kogunan Creswell Crags. Wuraren da ake sa su, ƙofa da taga da bututun hayaƙi, su ne kafofin da ake tsoron mugun abu zai shigo. Sai dai game da takalman, babu wani rubutu na zamanin da ya ce ga dalilin da ya sa muke yi. Duk wanda ya gaya miki ma'anarsu dalla-dalla a wurin zaman, ki tambaye shi wa ya faɗa, a wace shekara. Wannan tambaya ita ce rabin aikin masanin tarihi, kuma a wannan fanni an fi ko'ina bukatarta, don mutane suna son su cike gurbi da abin da ransu ke so.

Kada in zalunci abokiyarki, akwai ɗan abin da ya tsallako daga tsohon addini. A 1841 aka gano wasu surkulle biyu a wani tsohon littafi a cocin Merseburg na Jamus, rubutun ƙarni na 10. Ɗayan yana ba da labarin dokin da ya gurɗe a daji, Wodan, ubangijin Jamusawan dā, ya yi masa tofi: ƙashi ga ƙashi, jini ga jini, gaɓa ga gaɓa. Ɗaruruwan shekaru bayan haka ana samun wannan surkulle a Scotland da ƙasashen arewacin Turai, kalmomin suna nan, amma mahayin ya zama Annabi Isa. A Ingila ma akwai wani littafin magani na wajen shekara ta 1000 mai surkullen ganyaye tara, wanda ya ambaci Woden, wato Wodan ɗin nan, ya kuma ambaci Ubangijin Kirista a wuri guda. To siffar magana ta tsira, wasu al'adu sun tsira, tsoron aljanun daji ya tsira. Abin da bai tsira ba shi ne addinin: babu limamai, babu masu bauta, babu wanda ya san sunan Woden a cikin masu tofin ƙarni na 17. Tsohuwar da ke tofa wa gurɗaɗɗen doki tana ganin addu'ar Kirista take yi, kuma ban ga hujjar da za mu ce mun fi ta sanin addininta ba.

Wani tushen da ba a cika faɗa ba shi ne littattafan masu ilimi, kuma nan ne igiyar ta zo kusa da gida. Bokan Ingila yana son a ga manyan littattafai a ɗakinsa. Abin dariya, wanda suka fi amfana da shi an rubuta shi ne don a tona musu asiri. Reginald Scot, wani mutumin Kent, ya fitar da The Discoverie of Witchcraft a 1584 don ya nuna duk abin damfara ne, ya kwafo layu da surkulle da zane-zane birjik a matsayin shaida. Sai bokaye suka mai da shi kundin aiki, suna kwafar layun suna sayarwa. Ɗayan kuma littafin Bajamushe Cornelius Agrippa ne na 1533, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1651. A cikinsa akwai gidajen lissafi na taurari bakwai, murabba'i mai lambobi da duk ta inda aka tara jimla ɗaya ce. Hatimi ke nan, 'yar'uwa. Wannan ilimi ya shiga Turai ne daga littattafan Larabci ta hanyar Andalus; a shekarun 1250 Sarki Alfonso na goma na Castile ya sa aka fassara littafin sihiri na Larabci Ghayatul Hakim, wanda Turawa suka sani da Picatrix. Kogin da ya kai hatimi Turai shi ne ya kawo shi ƙasar Hausa, ta littattafan da ake danganta wa al-Buni, shahararren malamin hatimi. Har muna da gwani a fannin: Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsine, wanda ya rubuta littafi a kan hanyoyin gina irin waɗannan gidaje a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Misira. Masana lissafi har yau suna ambatonsa. In ana neman kakan layar bokan Essex, Bagadaza da Kurɗuba sun fi dajin Jamus kusa.

Hukuma fa? Dokokin 1563 da 1604 sun tanadi kisa ga wanda ya kashe mutum da maita, kuma a Ingila rataya ake yi, ƙonawa ta Scotland ce da sauran Turai. An rataye wajen mutum 500 a Ingila, a Turai gaba ɗaya kuwa tsakanin 40,000 da 60,000 aka kashe. Bokaye ba su cika shiga wannan lissafi ba, domin jama'a suna ganin amfaninsu, ba mai kai ƙarar wanda ya warkar masa da saniya. Malaman coci masu tsauri ne suka tsane su. William Perkins na Cambridge, a littafinsa da aka buga a 1608, ya ce boka mai warkarwa ya fi mayya mai cutarwa sharri, don ita jiki take taɓawa, shi kuwa imani yake ɓatawa. Duk da haka limamin coci guda, Richard Napier, ya yi shekara kusan arba'in yana duba da taurari yana ba da layun ƙarfe a ƙauyen Great Linford. Rajistarsa da ta malaminsa Simon Forman ta ƙunshi tambayoyi wajen 80,000 daga 1596 zuwa 1634, Jami'ar Cambridge ta sa su a intanet kyauta. A 1736 doka ta juya: maita ta daina zama laifi, sai da'awar iya ta, hukuncin shekara guda a kurkuku. Sai 1951 aka soke wannan doka, shi ya ba Gardner damar fitowa fili.

Akwai ɓangaren da irin waɗannan zama suke yawan tsallakewa, don ba shi da daɗi. Wanda ya ce miki an yi miki sammu, dole ya nuna wanda ya yi. Macfarlane ya ga tsari guda yana maimaituwa a shari'o'in Essex: tsohuwa matalauciya ta zo roƙon madara ko yisti, aka hana ta, ta tafi tana gunaguni, bayan kwana biyu yaro ya kwanta, sai mai gidan, wanda dama zuciyarsa tana cizonsa, ya tafi wurin boka ya dawo da sunanta. Bayan kotu ta daina karɓar irin wannan ƙara, mutane suka ɗauki doka a hannu. A 1751 a kusa da Tring taron jama'a suka jefa Ruth Osborne a kududdufi don gwajin maita har ta mutu, aka rataye wanda ya jagoranci abin. A 1875, zamanin jirgin ƙasa da wayar tangarahu, wani ɗan ƙodago a ƙauyen Long Compton ya soke wata tsohuwa, Ann Tennant, da cokalin ciyawa ya kashe ta, yana cewa mayya ce. Ga kuma 'yan damfara tsagwaronsu, irin su Mary Bateman ta Leeds, wadda ta tatse wasu ma'aurata ƙarƙaf da sunan karya sammu, sannan ta ba su guba, matar ta mutu, aka rataye ta a 1809. Ke da kika taso inda har yanzu kalmar "mayya" tana iya raba tsohuwa da gidanta, kina da abin faɗa a nan wanda yawancinsu ba su taɓa gani da ido ba.

Abin bai mutu da zuwan asibiti ba. Edward Lovett, ma'aikacin banki, ya yi shekaru yana yawo kasuwannin talakawan Landan yana sayen layu, ya rubuta littafi a kansu a 1925. Ya tarar yara suna sanye da shuɗin tsakiya a ƙarƙashin riga don maganin ciwon ƙirji. Ya kuma ga yadda farashin rigar haihuwa ya tashi a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wannan ita ce tantanin da wasu jarirai ke fitowa da shi a lulluɓe, wanda mu muke wa mai shi laƙabi da Mairiga. Matuƙan jirgin ruwa sun yi imani mai ɗauke da ita ba ya nutsewa, to da jiragen Jamus na ƙarƙashin teku suka fara nutsar da jirage, sai kasuwarta ta farfaɗo. Ke da ke aikin jinya, ki tambayi tsofaffin ungozomomin wurin aikinki, da wuya a rasa wadda ta taɓa jin uwa ta ce a ajiye mata.

Ki shirya, in kin je za su tambaye ki bori. Wataƙila wani ya ɗauko littafin Tremearne na 1914, The Ban of the Bori. Ki sani yawancin abin da ke ciki ya tattaro shi ne daga Hausawan Tunis da Tarabulus, da idon hafsan mulkin mallaka. Binciken Joseph Greenberg a kan Maguzawan ƙasar Kano, wanda ya fito a 1946, ya fi shi nutsuwa, kuma ya nuna yadda Musulunci ya riga ya ratsa har cikin sunayen iskokinsu. Labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta daga bakinta, aka buga a 1954, ya fi duka nuna yadda mace Bahaushiya take haɗa malam da 'yar bori da ungozoma a rayuwa guda ba tare da ta ga wani saɓani ba. Kada ki bari su mai da ke wakiliyar "tsafin Afirka". Wasunsu suna da wannan ɗabi'a ta ganin kowane baƙo a matsayin taska.

In littafi ɗaya za ki karanta kafin zaman, ki nemi na Owen Davies na 2003 a kan bokayen Ingila. Gajere ne, kuma daga takardun kotu da jaridun lardi ya gina shi. Na Thomas ya haura shafi 700, a bar shi sai an sami hutu. In kuma kin sami ranar da ba ki da aiki, gidan tarihi na Pitt Rivers a Oxford kyauta ake shiga. Akwai wata 'yar kwalba mai ruwan azurfa da aka karɓo wajen 1915 daga wata tsohuwa a kusa da Hove, wadda ta ce akwai mayya a ciki, kuma in aka buɗe za a ga tashin hankali. Margaret Murray ce da kanta ta ba da ita a 1926, ba a kuma buɗe ta ba. Akwatunan layu na wurin an jera su ne bisa ga aikinsu, ba bisa ga ƙasa ba, don haka ki ja aljihunan da ke ƙarƙashin gilashin, akwai wasu kayan a ciki.